A Ƙidaya Kwana Kafin A Je Awon Jini

 An rubuta wannan takarda domin mai gida da matarsa su karanta tare. In babu mai karatu a gidan, a nemi wani babba da aka amince da shi ya karanta musu.

Maganar da za mu yi ta rashin samun ciki ce. Kowa ya san nauyinta a garuruwanmu. Mace ta shekara biyu ko uku a ɗaki babu labari, sai ƙananan maganganu su taso. Dangin miji su fara kallonta, a riƙa ce mata juya, wani lokaci har aure ya mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da labari a 2023 cewa kamar mutum ɗaya cikin shida a duniya ya kan gamu da wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsa. Ashe abin bai tsaya ga gida ɗaya ko ƙasa ɗaya ba.

In ma'aurata suka je asibiti, akwai wani awon jini da likita ya kan sa a yi wa mace. Awon yana da amfani ƙwarai, amma yana da ranarsa. In aka ɗebi jinin a ranar da ba ita ba, takarda ta kan nuna lafiyayyar mace kamar mai ciwo. Kuɗin jirgi da na mota da na awo sun tafi a banza, ga baƙin ciki a kai. Ranar nan kuwa a gida a ke samo ta, ta wurin ƙidayar kwana. Abin da na ke so ku koya ke nan.

Mene Ne A Ke Aunawa?

A cikin marar kowace mace akwai 'yan jakunkuna biyu, ɗaya dama ɗaya hagun, inda ƙwayayenta su ke. Kowane wata ƙwai ɗaya ya kan nuna, ya fito daga jakarsa, ya shiga wata siririyar hanya wadda ta nufi mahaifa. A cikin hanyar nan ya ke gamuwa da irin namiji. Ƙwan nan ƙanƙane ne, da ƙyar ido zai gan shi, kuma ba ya wuce kwana ɗaya da rai in bai gamu da iri ba. Irin namiji kuwa ya kan kai kwana biyar yana jira a jikin mace.

Sa'ad da ƙwai ya fita, gurbin da ya bari ya kan cika ya zama rawaya kamar gwaiduwa. Wannan gurbi shi ke zubo wani sinadari cikin jini. Likitoci suna kiransa furojestaron. Mu a nan za mu ce masa sinadarin riƙon ciki, gama aikinsa ke nan.

Ku manoma ne, kun san ba a dasa albasa sai an gyara fangali, an sa taki, an ba shi ruwa. To, haka sinadarin nan ya ke yi wa mahaifa. Yana sa bangonta ya yi kauri da laushi, ya cika da abinci, domin in ƙwai ya gamu da iri ya sami wurin kamawa. In ciki ya shiga, gurbin nan ya ci gaba da aikinsa har wajen mako na goma, sa'an nan mabiyiya ta karɓi aikin har ranar haihuwa. In ciki bai shiga ba, bayan kamar mako biyu gurbin ya motse, sinadarin ya janye, bangon da aka gyara ya zube. Zubewar nan ita ce haila.

An daɗe da gano wannan. A 1929 waɗansu masana biyu a Amurka, George Corner da Willard Allen, suka gwada da zomaye. In an cire wa zomanya jakunkunan ƙwai bayan barbara, ciki ba ya zama. In kuwa aka yi mata allurar ruwan da aka tatso daga rawayan gurbin nan, sai cikin ya zauna. A 1934 aka iya ware sinadarin shi kaɗai. A cikin shekarun 1940 wani Ba'amurke, Russell Marker, ya samo hanyar haɗa shi daga wata doyar daji ta ƙasar Meziko, shi ya sa maganin ya yi araha. Amma sai an sarrafa doyar a ma'aikata. Cin doya ba ya ƙara wa mace wannan sinadari.

Me Likita Ke Nema?

Tambaya guda likita ke son awon nan ya amsa masa: a cikin watan nan, ƙwai ya fita ko bai fita ba? Kafin ƙwai ya fita, sinadarin kaɗan ne ainun a jinin kowace mace. Bayan ya fita sai ya riƙa hawa, ya kai ƙarshen yawansa bayan kamar kwana bakwai, sa'an nan ya riƙa sauka har haila ta zo. In aka ɗebi jini a tsakiyar nan aka tarar sinadarin ya hau, an tabbata ƙwai ya fita.

Ba kowace mace ke bukatar awon ba. Wadda jininta ke zuwa kowane wata a kan lokacinsa, tsakanin kwana 21 da 35, galibi ƙwanta yana fita, har likita ya kan ce ba sai an yi ba. Ku bari shi ya faɗa. Kada ku je ɗakin awo da kanku don kun ji maƙwabciya ta yi.

Lokacin zuwa wurin likita shi ne in an shekara guda ana tare, ba a shan maganin tazarar haihuwa, ciki bai shiga ba. In shekarun matar sun wuce 35, wata shida ya isa. In kuwa jininta ya kan yi wata biyu ko uku bai zo ba, kada a jira shekara, a je tun yanzu.

Wace Rana Ce Ranar Awo?

Sau da yawa za ku ji ana ce wa wannan awo "awon kwana 21". Sunan nan ya ruɗi mutane da yawa. Kwana na 21 daidai ne ga macen da ke yin kwana 28 daga zuwan jini zuwa wani zuwan. Mata kuwa ba duka su ke haka ba. Wata 24 ta ke yi, wata 30, wata 35, kuma dukansu lafiyayyu ne.

Ga dalili. Daga fitar ƙwai zuwa haila kamar mako biyu ne ga kusan kowace mace. Kwanakin da ke gaban fitar ƙwai su ne ke bambanta, ga wata su yi tsawo, ga wata su gajarta. Saboda haka daga baya a ke lissafi. Ranar awo ita ce kwana bakwai kafin ranar da a ke sa ran jini na gaba.

Lissafin ba wuya. A san yawan kwanakin da mace ke yi, a ɗebe bakwai.

Mai kwana 24, ranar awonta kwana na 17.
Mai kwana 28, kwana na 21.
Mai kwana 30, kwana na 23.
Mai kwana 32, kwana na 25.
Mai kwana 35, kwana na 28.

Ku duba abin da kan faru in ba a yi haka ba. A ce Wance kwana 35 ta ke yi. Ƙwanta ba ya fita sai wajen kwana na 21. In ta je awo a ranar nan, sinadarin bai ko fara hawa ba tukuna. Takarda ta fito ta nuna kaɗan. Wanda bai tambayi kwanakinta ba sai ya ce ba ta yin ƙwai. Ta koma gida da kuka, a shiga saye-sayen magani, alhali lafiyarta lau. Da ta ƙara mako guda, da takardar ta faɗi wani abu dabam. Haka kuma mai kwana 24, in ta bari sai kwana na 21, sinadarin ya riga ya fara sauka.

Yadda A Ke Ƙidaya A Gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin a je asibiti, a ƙidaya wata uku a jere. Ba sai an iya rubutu ba.

A sami ɗan ƙoƙo da ƙwayar masara. Ranar da jini ya zo sosai, ita ce kwana na ɗaya, a jefa ƙwaya ɗaya. Ɗan ɗigon da wata ta kan gani kwana ɗaya ko biyu kafin jinin ya kankama ba ya cikin lissafi. Daga nan kowace safiya a jefa ƙwaya ɗaya, da ranakun jini da ranakun tsarki duka. Ranar da jini ya sake zuwa, kada a jefa. A juye ƙoƙon, a ƙidaya abin da ke ciki, a ƙulle shi a tsumma a ajiye. Sa'an nan a fara sabon lissafi da ƙwayar ranar nan. Wadda ta fi son ƙulli a zare, ko zane da gawayi a bayan ƙofa, duk ɗaya ne. Mai kalanda ko waya ta rubuta kwanan wata.

Akwai kurakurai biyu da mu ma'aikatan ɗakin magani mu ke yawan gani. Na fari, mata da yawa sun saba riƙe ranar da suka yi wanka suka koma salla, sai su fara ƙidaya daga nan. Wannan yana kawar da lissafin da kwana biyar ko bakwai. Daga ranar da jini ya zo a ke farawa. Na biyu, waɗansu da tsayuwar wata su ke lissafi. Watan sama kwana 29 ne ko 30, jikin mace kuwa yana da nasa lissafi. Wadda ke yin kwana 26, jininta zai riƙa rigan wata kaɗan kaɗan, mai 33 kuma ta riƙa bin bayansa. Saboda haka kwana za a ƙidaya ɗaya ɗaya.

Bayan wata uku a kwance ƙullin nan uku. In aka sami 27 da 29 da 28, kwanakinta 28 ne. In 33 da 35 da 34 ne, a ɗauki 34, ranar awo ta zama kwana na 27. In kuwa sun yi nisa da juna, misali 26 da 41 da 33, kada a yi ƙoƙarin daidaita su a gida. A kai wa likita lissafin yadda ya ke. Ga irin wannan mace, likita ya kan sa a fara awo a kwana na 21, a riƙa maimaitawa kowane mako har jini ya zo.

Ranar Tafiya Da Bayanta

Ba a yin wannan awo a ɗakin maganin ƙauye, gama sai da na'ura ta musamman. Ku fara da babban asibitin da ke kusa da ku, kamar na Yelwa. Likita zai faɗa muku inda za a ɗebi jinin. Wani lokaci a ɗiba nan kusa a aika da shi, wani lokaci a tura ku Birnin Kebbi, inda Asibitin Sir Yahaya ya ke, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ku tambayi wurin da kuɗin tun a zuwan fari, domin ku shirya guzuri kafin ranar ta zo. Mutanen gungu da na ƙetaren ruwa su yi lissafin jirgi, in ta kama su kwana a gari.

Jinin da a ke ɗiba a hannu ne, bai kai cokali guda ba. Ba ya rage ƙarfi, ba ya hana ciki shiga. A ci abinci kafin a tafi, ba a bukatar zuwa da yunwa. Miji da mata kuma su ci gaba da zamansu yadda suka saba.

In ranar ta faɗo Asabar ko Lahadi, kwana ɗaya gaba ko baya ba ya ɓata awon. Misali, mai kwana 28 wadda jininta ya zo ran Litinin, kwana na 21 zai faɗo ran Lahadi. Ta je ran Litinin, ba laifi. Amma kwana huɗu ko biyar ya yi yawa. In ruwa ko wata lalura ta hana tafiya, gara a bari sai wata mai zuwa.

A gaya wa mai ɗibar jini ranar da jini ya zo, ya rubuta a takarda. A gaya wa likita dukan maganin da a ke sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya.

Bayan an dawo gida, kada a bar jefa masara. A lura da ranar da jini ya zo bayan awo, gama ita ce shaidar awon. In ya zo bayan kamar mako guda, an ɗebi jinin a kan kari. In sai da aka yi mako biyu, an yi sauri, ba za a dogara da takardar ba, sai a sake. In kuwa bai zo ba sam, a yi awon fitsari, watakila an dace.

In Takarda Ta Fito

Kada ku yanke hukunci da lambar da kuka gani. Ɗakunan awo ba ma'auni ɗaya su ke aiki da shi ba, kamar yadda wata kasuwa ke awo da mudu wata da tiya. Waɗansu da nanogiram su ke rubutawa, waɗansu da nanomol, kuma nanogiram 1 ya ɗara nanomol 3 kaɗan. Likitoci da yawa suna ɗaukar abin da ya wuce nanogiram 3 alamar ƙwai ya fita. A Ingila sun fi natsuwa in ya kai nanomol 30, watau wajen nanogiram 10. Har wa yau, jiki ba ya zubo sinadarin nan bai ɗaya, tsit-tsit ya ke zubo shi, har awon safe ya bambanta da na yamma. Don haka wadda ta sami 12 ba ta fi mai 9 kusa da haihuwa ba. Kada a gwama takardar kishiya da ta kishiya.

In lambar ta yi ƙasa, abu na fari a duba ko ranar daidai ce. In daidai ce, ma'anarsa a watan nan ƙwai bai fita ba. Lafiyayyar mace ma ta kan tsallake wata jifa-jifa, shi ya sa ba a ce wa mace ba ta yin ƙwai da awo ɗaya.

In an maimaita an ga haka, likita zai nemi dalili. Wata ƙiba ce ta yi mata yawa, wata rama ce. Wata ciwon maƙoƙo ne a ɓoye. Wata za a ga nononta yana ɗiga alhali ba ta goyo. Wata kuma jininta na nisa da juna, ga gashi a haɓa da ƙuraje a fuska. Yawancin waɗannan suna da magani, kuma rashin fitar ƙwai yana cikin matsalolin haihuwa da aka fi samun nasara a kansu. Akwai ƙwayar da ke sa ƙwai ya fita, amma likita ne zai rubuta ta, ya faɗi ranakun sha, ya kuma sake awon nan don ya ga ko ta yi aiki. Kada a saye ta a kemis a sha da ka.

Waɗanda Awon Ba Zai Amfana Ba

Mai goyo wadda jininta bai dawo ba tukuna, kada ta ɓata kuɗinta. Shayarwa ta kan hana ƙwai fita, kuma wannan ba ciwo ba ne. Haka wadda ke shan ƙwayar tazarar haihuwa, ko ta yi allura, ko aka sa mata ashana a hannu, gama aikin magungunan nan ke nan su hana ƙwai fita. Wadda ta bar allurar wata uku ta yi haƙuri, ta kan ɗauki watanni, wata ma har kusan shekara, kafin ƙwai ya dawo. Wadda haila ta ɗauke mata saboda shekaru, ita ma awon ba nata ba ne.

Awon nan kuma ba shi ke nuna ko mace na da ciki ba. Wannan aikin awon fitsari ne, wanda a ke yi ko a ɗakin maganin ƙauye. Matan da jini ya ɗauke musu wata da watanni, a ke cewa cikinsu ya kwanta, su zo a duba su. Awon fitsari da hoton ciki za su nuna ko akwai ciki ko babu. Sau da yawa ƙwai ne ya daina fita, kuma zaman jira ba ya dawo da shi.

Abin Da Awon Ba Ya Gani

In takarda ta nuna ƙwai yana fita, madalla, amma bincike bai ƙare ba. Awon bai san ko hanyar da ƙwai ke bi a buɗe ta ke ba. Ciwon sanyi da ba a yi maganinsa ba, da zazzaɓin da kan biyo bayan haihuwa ko ɓari, suna iya toshe hanyar nan. Akwai wani hoto dabam da a ke yi don a duba ta.

Mu mutanen bakin ruwa muna da wani abin lura. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, garuruwanmu da yawa a bakin kwantaccen ruwa su ke, inda katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ta ke zama. Mun saba ganin tsargiya ciwon yara maza ne masu fitsarin jini. Amma mata ma suna ɗaukarta wurin wanki da ɗibar ruwa da gyaran kifi da ban ruwan albasa. Ƙwayayen tsutsar su kan maƙale a al'aura da bakin mahaifa da hanyar ƙwai. Su kan kawo ƙaiƙayi, da ruwa mai fita, da ɗigon jini bayan saduwa, wani lokaci su hana ciki shiga. Lalle mace ta gaya wa likita a bakin ruwa ta ke zaune, ko da bai tambaya ba. Maganin tsargiya shi ne firazikwantel, irin wanda a kan raba wa 'yan makaranta.

Yanzu ga maganarku, masu gida. Cikin ma'auratan da ba su sami haihuwa ba, kusan rabi akwai hannun namiji a matsalar, ko shi kaɗai ko tare da matar. Ƙarfin namiji a shimfiɗa ba ya nuna lafiyar irinsa. Wanda ya haihu shekara goma da suka wuce, ciwon sanyi ko wata cuta tana iya taɓa shi daga baya. Awon maniyyi ba shi da zafi, ba ya jiran wata rana ta musamman, sai dai a ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai kafin a yi. Ba daidai ba ne mace ta yi ta hawa jirgi ana ɗibar jininta wata bayan wata, mijin bai auna nasa ko sau ɗaya ba. Ku je tare. Iyayen miji kuma, ku taimaka da addu'a da kuɗin mota, ku riƙe harshe har a ji abin da likita ya gani.

In Ciki Ya Shiga

Likita ya kan sa a yi awon nan ga mai sabon ciki in tana zubar da jini ko ciwon mara. A nan ba a ƙidayar kwana, ranar da aka zo a ke ɗiba. In sinadarin ya yi ƙasa ƙwarai, alama ce cikin ba zai zauna ba. Amma awon ba ya faɗin inda cikin ya ke, sai hoton ciki.

Wannan yana da muhimmanci, gama wani lokaci ƙwai ya kan maƙale a hanya ya fara girma a can. Hanyar siririya ce, in ta fashe jini ya zuba a cikin ciki, mace tana iya mutuwa cikin 'yan sa'o'i. In mace ta yi ɓatan wata, sa'an nan ta ji matsanancin ciwo a gefe ɗaya na mara, ko jiri, ko suma, ko ciwo a kan kafaɗa, a ɗauke ta zuwa babban asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne. Kada a tsaya jiƙo, kada a jira wani awo.

Kamar rabin ɓarin da a ke yi a watanni uku na fari, daga halittar ɗan tayin ne tun ranar da ya shiga. Ba laifin uwa ba ne, ba ɗaukar tulu ko daka ba ne. A irin wannan, faɗuwar sinadarin ta biyo bayan lalacewar cikin ne, kuma ƙara shi ba ya tsai da ɓarin. A 2019 aka ba da sakamakon wani babban gwaji da aka yi a Ingila da mata fiye da 4,000 masu zubar jini a farkon ciki. An ga maganin furojestaron ya fi taimakon waɗanda suka taɓa yin ɓari a baya. Saboda haka a 2021 hukumar da ke tsara ƙa'idodin magani a can ta ce a riƙa ba irin waɗannan mata, bayan hoto ya nuna cikin yana cikin mahaifa. Kun ga ashe maganin yana da masu shi. Allurar riƙon ciki da a ke yi a kemis ba tare da hoto ba tana iya sa a yi sakaci da cikin da ke kan hanya, har lokaci ya ƙure.

Abubuwan Da Za A Riƙe

1. Kwana na ɗaya shi ne ranar da jini ya zo sosai.
2. A ƙidaya wata uku kafin a je asibiti, a tafi da lissafin.
3. A ɗebe bakwai daga yawan kwanakin, abin da ya rage shi ne ranar awo.
4. Bayan awo a lura da ranar da jini ya zo, a gaya wa likita.
5. Awo ɗaya ba ya mai da mace juya.
6. Mai gida ya auna nasa tun a zuwan fari.
7. Mazauna bakin ruwa su ambaci tsargiya.
8. Ɓatan wata da ciwon gefen mara da jiri, sai babban asibiti nan take.

Wanda lissafin ya rikice masa ya kawo ƙullin masararsa ɗakin magani mafi kusa. Malamin asibiti ko ungozoma za su ƙidaya tare da ku, su faɗa muku ranar, kuma maganarku ba za ta fita waje ba. Haihuwa ta Allah ce, neman magani kuwa namu ne. Allah ya ba mu lafiya da zuriya mai albarka, amin.